Kurakuran da masu fasahar Maraɗi ke yi wajen neman zaman aiki a jami'a

Akwai jami'o'in da ke gayyatar mai zane, mawaƙi ko marubuci ya zauna wurinsu na ƴan makonni ko watanni, su ba shi masauki da wurin aiki da ɗakin karatu, wani lokaci har da guzuri. Shi ne yaranmu ke kira rezidans. Jami'ar Iowa ta Amurka tana karɓar marubuta haka tun 1967, gidan fasaha na Iwalewahaus na Jami'ar Bayreuth a Jamus kuma, wanda aka buɗe a 1981, yana saukar da masu fasahar Afirka. Na sha duba dosiyen matasa, wato takardun neman wannan zama, a nan Maraɗi kafin su tura, kuma kusan wuri ɗaya suke yin tuntuɓe.

Mafi yawansu kirari suke rubutawa: ni ne wane, na yi wasa a wuri kaza, na ci gasa kaza. Shafi biyu sun cika, ba a ji abin da mutum zai je yi ba. Jami'a gidan bincike ce, tambayar da ke hana ka barci take so ta ji. Ɗauki baduku da ke aiki da fatar jar akuyar Maraɗi. In ya ce "ina son bunƙasa al'adunmu", bai ce komai ba, don kowa haka yake cewa. Amma in ya ce yana son ya gwada yadda jima da bagaruwa ke sa jan rinin karan dafi ya kama fata, ya ga ko launin zai jure rana in an yi babban zanen bango da shi, kuma yana buƙatar ɗakin gwaji da malamin kimiyya na wata biyu, to mai karantawa ya ga aikin, ya ga dalilin da ya sa sai a jami'a za a yi shi. Kafin ka rubuta, faɗa wa wani dattijon unguwarku aikin da baki. In bai gane ba cikin jimla uku, da sauran gyara.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ido ke kan Turai kaɗai. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin garinmu da tsangayar aikin gona da muhalli. A Yamai, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, wato IRSH, ta Jami'ar Abdu Mumuni tana ajiye da tsoffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tsoho ne mai suna. Kada ka jira sanarwa. Je ka gaida malami, ka nemi izinin aiki tare da ɗalibansa na wata ɗaya, in kun gama ya ba ka takardar shaida. Wannan takarda tana da nauyi a dosiyen da za ka tura waje gobe.

Sauran ƙanana ne, amma suna kayar da mutum. Hoton aikin da ya bi ta WhatsApp ya dushe, ɗauke shi da hasken safe ka tura asalinsa. Fassarar na'ura zuwa Faransanci ko Ingilishi, a samu mai ji ya duba. Kada ka bari sai ranar rufewa, wuta tana iya ɗaukewa. Fasfo kuma a duba ranar mutuwarsa tun yanzu.

In an ɗauke ka, murna kada ta sa ka sa hannu ba ka karanta ba. Wa zai biya jirgi da biza da inshorar lafiya? Wasu sai ka kashe naka sannan su mayar maka, ka tambaya tun kana gida. Ka kuma tambayi na wa ne aikin in an gama. Wannan ya fi tsanani in ka naɗi muryar tsofaffin makaɗa ko ka ɗauki hoton mata masu saƙa a Tibiri ko Madarumfa. Faɗa musu inda muryarsu za ta je, ka naɗi amincewarsu da bakinsu, ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa kwafi ɗaya zai dawo hannunsu.