Yadda ake gane kayan gyaran da suka dace da tsohuwar Fijo kafin a fitar da kuɗi

Duk wanda ya ƙudura tayar da tsohuwar mota a Damagaram, musamman Peugeot 404 ko 504 waɗanda muke kira Fijo, abin da zai fara sani shi ne sunan mota kaɗai ba ya sayo kayan gyara. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuma ta fito a 1968, daga baya aka yi shekaru kusan talatin ana haɗa ta a Kaduna tun daga 1975. A tsawon wannan lokaci an canza inji, an canza birki, an canza kayan lantarki, amma lambar da ke manne a bayan motar ba ta canza ba.

Aiki yana farawa ne da tsumma da kalanzir. A buɗe murfin inji a nemi ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya buga nau'in motar da lambarta a kai, a goge shi, a kwafe abin da ke jiki harafi bayan harafi, sannan a gwada da abin da ke cikin kart giriz, wato takardar rajistar motar. Bayan haka a nemi lambar da aka buga a jikin injin kansa, wadda yawanci baƙin mai da ƙura suka binne. Wannan lamba ta biyu ta fi ta farko muhimmanci a wurinmu, domin motar da ta yi shekara arba'in tana zirga-zirga tsakanin Zinder da Magarya ko Tanut da wuya a ce injin da ta zo da shi ne har yau yake cikinta.

A nan na taɓa ƙonewa. Lokacin da na ɗauko 504 ta mahaifina daga inda ta daɗe a ajiye a Birni, na dogara da takarda, na aika Kano aka sayo mini fistin da ringi na inji mai girman 1971 cc (cc awon girman inji ne). Da makanike ya kwance kan injin ya ɗora sabon fistin a bakin rami, sai ya zauna a sama kamar murfin tukunya, ya ƙi shiga. Ashe wani can baya ya sa mata inji mai 1796 cc, wanda faɗin raminsa milimita 84 ne, ni kuwa na sayo mai milimita 88. Milimita huɗu suka cinye mini kuɗin kaya da kuɗin mota, mai shago kuma ya ce abin da aka buɗe ledarsa ba ya komawa. Akwai wani tarkon kusa da wannan: injin 404 mai 1618 cc shi ma faɗin raminsa 84 ne, amma tafiyar fistinsa milimita 73 ce, ta ƙaramin injin 504 kuwa 81, saboda haka daidaiton faɗi bai isa hujjar cewa kayan ɗaya za su hau ɗaya ba.

Tun daga ranar ba na zuwa kasuwa sai da tsohon ƙarfen a hannu, ko a nan gida ne ko Ƙofar Ruwa ta Kano. A ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a kan tebur, a ƙirga ramukan noti, a duba tazarar da ke tsakaninsu, a auna da ma'aunin ƙarfe mai muƙamuƙi biyu wanda kowane makanike na ƙwarai yake da shi. Boris da robar da ke tare mai duk suna ɗauke da awonsu a jiki. Boris mai lamba 6203, misali, raminsa milimita 17 ne, faɗinsa 40, kaurinsa 12, ko wane kamfani ya yi shi, don haka da lambar ake nemansa, ba da sunan mota ba. Kabureta kuma, Solex ce ko Zenith, tana da alamarta a jiki, haka dinamo da distiribita na Ducellier ko Paris-Rhône.

Siffar motar ma tana raba kaya. Ƙaramar 504 ta farko birkin faifai gare ta a ƙafa huɗu, amma doguwar ta iyali da akori-kura birkin ganga ne a baya, ƙafar bayansu kuma a kan sanda ɗaya take. Ƙaramar 404 noti uku ke riƙe tayarta, ta 504 huɗu. Wanda zai yi odar kayan sitiyari daga waje ya tabbatar na motar hannun hagu ne, domin waɗanda aka haɗa a Kenya sitiyarinsu a dama yake.

Idan an gane abin da ake nema, saura zaɓi tsakanin na asali da aka kwance daga wata mota, wato okaziyo, da sabon kwaikwayo. Ra'ayina a nan a tsaye yake. Duk abin da ƙarfe ne zalla, kamar akwatin giya, kan inji, ƙofa, bamba ko lagireto na jan ƙarfe wanda ake iya liƙewa da dalma, tsohon na asali ya fi, muddin an duba shi da kyau. Kan injin 504 na alminiyam ne, kuma zafin bazararmu yana lanƙwasa shi idan mota ta taɓa tafasa, saboda haka a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko haske yana ratsawa ta ƙasa, a leƙa hanyoyin ruwa a ga ko sun cinye. Tsohuwar kabureta kuma a kama sandar da ke buɗe mata iska a girgiza. Idan tana wasa, ƙurar hunturu ta riga ta ci ta, kuma ba za ta taɓa saituwa ba.

Amma abin da roba ne, ko wanda ran mutum ya rataya a kansa, sabo za a saya: tiyon birki, robobin fanfon birki, bel, tiyon ruwa da gaskit. Kada kwalin asali ya ruɗi kowa, domin roba tana tsufa ko ba a taɓa amfani da ita ba. A lanƙwasa ta a gaban mai shago, in ta nuna ƙananan tsaga a mayar masa. Taya tana da lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Jabu yakan tona kansa ta nauyi da rubutu: ya fi na asali sauƙi a hannu, bakinsa da kaushi, lambarsa kuma fenti ce maimakon bugu a cikin ƙarfe. Kafin a biya, a yi magana a fili a gaban shaida cewa idan kaya bai hau ba za a dawo da shi, a sa mai shago ya rubuta lambar kayan a kan rasit. Tsohon da aka cire kuma a wanke shi, a ɗaura masa takarda mai sunansa da gefen da ya fito, a ajiye har sai motar ta tashi ta yi tafiya.