Yadda Za a Koya wa Ƙananan Yara Sunayen Gaɓoɓin Jikinsu na Gaskiya

A yawancin gidajenmu na Maraɗi, yaro ɗan shekara 2 yana iya nuna hancinsa da kunnensa da cibiyarsa idan aka tambaye shi, kuma mutanen gida su yi ta murna da wayonsa. Amma daga cibiya zuwa gwiwa sai a bar masa jikinsa babu suna, ko kuma a ce da komai "wurin nan" da "ƙasa" da "gaba". Ranar da wani abu ya same shi a wannan sashe, sai ya rasa kalmar da zai kai kuka da ita, yarinya ta ce cikinta ke ciwo alhali fitsari ne ke yi mata zafi, a yi kwanaki ana ba ta jiƙon ciwon ciki, cutar kuwa tana nan tana ƙaruwa. Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi ko littafi, abin da yake bukata shi ne iyaye su zaɓi kalmomi masu mutunci, su saba da furta su, sannan su koya wa yaro a lokacin da ya dace.

Zaɓen kalma shi ne matakin farko, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsayawa, domin suna zaton Hausa ba ta da komai sai kalmomin ashar da ake ji a tasha da kuma sakayen da ba ya nuna wuri. Akwai rukuni na uku, wanda malamanmu suke amfani da shi a zaure tun kaka da kakanni. Ga ɗa namiji akwai azzakari da maraina, ga ɗiya mace akwai farji, kuma dukansu suna da dubura da ɗuwawu da mara da matsematsi da nono. Kalmar da ta tattara sashen da ake rufewa ita ce al'aura. Duk wanda ya karanta babin tsarki a Ahalari ko Ishimawi ya ji malami yana fassara abubuwan da ke warware alwala da irin waɗannan kalmomi, a gaban manya da yara, babu wanda ya ce ya yi batsa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ni a ganina, abin da ya halatta a faɗa a gaban littafi ya halatta uwa ta faɗa wa ɗanta a makewayi. Kalmar "gindi" kuwa gara a bar ta, saboda tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma a bakin mutane da yawa ta riga ta zama zagi.

Kafin a je ga yaro, ya kamata uwa da uba su zauna su yarda a kan kalmomin da za a yi amfani da su, su kuma furta su a tsakaninsu har nauyin baki ya ragu. Yaro yana karanta fuska kafin ya fahimci magana, saboda haka idan uwa ta faɗi kalmar tana sunkuyar da kai ko tana ƙunshe dariya, abin da zai koya shi ne cewa wannan wuri abin tsoro ne ko abin wasa. A gidan da ake da yawa, yana da kyau abokiyar zama da gwaggo da duk mai yi wa yara wanka su san abin da aka shirya, don kada wata ta koya wata kuma ta tsawata. Na san alkunyar ɗan fari tana da ƙarfi a wurinmu, har uwa ba ta iya kiran sunansa balle sunan al'aurarsa. Inda abin ya yi nauyi haka, kaka tana iya ɗaukar aikin, tun da wasan da ke tsakaninta da jika ya buɗe mata ƙofar da uwa take jin nauyin shiga.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne na wanka da na tsarki, daga wajen shekara 2 zuwa 3, sa'ad da yaro yake kwaɗayin sanin sunan kowane abu. Ba a shirya wani zama na musamman. Uwa tana cuɗa shi da soso tana kiran sunayen a jere da murya ɗaya: "Ga wuya, ga hammata, ga cibiya, ga azzakari, ga cinya, ga gwiwa." Idan sunan ya zo a tsakiyar ƴan'uwansa ba tare da an canza murya ba, yaro zai karɓe shi kamar yadda ya karɓi gwiwa. Ga yarinya, lokacin da ake koya mata riƙon buta ne ya fi, domin a nan sunayen suna da aiki nan take. Sai a ce mata: "Ɗiyata, ki fara wanke farji, sannan dubura, kada hannun da ya taɓa baya ya dawo gaba." Dalilin wannan ƙa'ida shi ne hanyar fitsarin mace gajera ce kuma tana kusa da dubura, don haka ƙwayoyin cutar da ke cikin bayan gida suna saurin shiga su jawo ciwon mafitsara. Idan ta ƙara wayo, sai a sanar da ita cewa ƙofar fitsari daban take, ƙarama ce a saman ƙofar farji.

Abin da iyaye suka fi tsoro zai faru, wato yaro ya ɗaga murya ya faɗi sabuwar kalmarsa a gaban baƙi ko a taron suna. Wannan rana ita ce take nuna ko koyarwar za ta ɗore. Idan aka mare shi ko aka yi masa tsawa a gaban jama'a, zai rufe bakinsa a kan wannan sashe na jikinsa, wataƙila har ranar da maganarsa ce kaɗai za ta cece shi. Abin da ya fi shi ne a ja shi gefe a ce masa a hankali: "Ba ka yi ƙarya ba, sunansa ke nan, amma maganar al'aura da Inna ko Baba ko likita ake yin ta, ba a cikin taro ba." Yara suna gane bambancin wuri da wuri da sauri, kamar yadda suke gane cewa ba a shiga masallaci da takalmi.

Wajen shekara 3 zuwa 4 tambayoyi za su fara, musamman idan aka yi haihuwa a gida ya ga ana yi wa jaririya wanka. Amsa gajera ta gaskiya ta isa: namiji yana da azzakari, mace tana da farji, haka Allah ya halicci kowa. Idan bai ƙara tambaya ba, a tsaya nan.

Suna da sutura tare ake koyar da su. Da zarar yaro ya riƙe kalmomin, sai a gaya masa cewa duk wurin da wando yake rufewa al'aura ne, babu mai kallonsa ko taɓa shi sai wanda ke taimaka masa wajen tsarki da wanka, ko likita a gaban mahaifi, kuma shi ma ba ya kallon na wani ko taɓawa ko da an ce ya yi. Addini ya riga ya shimfiɗa wannan tarbiyya daki-daki, domin aya ta 58 a Suratun Nur ta umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini a lokuta 3, kafin sallar asuba da lokacin hutun azahar da bayan sallar isha'i, kuma hadisi ya zo da raba musu wurin kwanciya a shekara 10. A ƙara masa da cewa babu sirri tsakaninsa da kowa a kan jikinsa, ko an ba shi alewa, ko an ce za a dake shi idan ya faɗa. Dole a faɗi wannan a fili har game da dangi da maƙwabta, saboda mafi yawan masu lalata da yara mutane ne da yaron ya sani kuma gida ya yarda da su. Yarinyar da ake ɗora wa talla da yaron da ake aika kasuwa ko aka bayar riƙo sun fi kowa bukatar jin wannan kafin su bar gaban iyaye.

Amfanin sunayen a wajen lafiya a bayyane yake. Yaran da ke wanka a gulbi da tabkuna da damina, ko a tabkin Madarumfa, suna iya kamuwa da tsargiya, wadda alamarta jini ne a ƙarshen fitsari, kuma tana da magani a likita, amma yaron da aka hana ambaton azzakarinsa yakan ɓoye abin wata da watanni. Ƙaiƙayin dubura da dare sau da yawa alamar ƙananan tsutsotsin ciki ne. Mafi gaggawa shi ne ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a maraina, domin yana iya zama murɗewar jijiyar da ke kai musu jini, wadda ke bukatar aiki cikin kamar awa 6 kafin ƙwayar ta mutu. Yaron da ya ce "marainana ke ciwo" za a garzaya da shi asibiti, wanda ya ce "cikina" kuwa ana iya cewa ya kwanta zuwa safe.

Idan wata rana yaro ya yi amfani da kalmomin ya ce wani ya taɓa masa al'aura, uwa ko uba su danne firgicinsu, su saurare shi har ya gama, kada su sa masa magana a baki, kada kuma su tambaye shi abin da ya kai shi wurin. A ce masa an yarda da shi kuma laifin ba nasa ba ne, a riƙe kalmominsa yadda ya faɗe su, a nisanta shi da mutumin. Idan abin bai daɗe da faruwa ba, kada a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa kafin likita ya duba shi, kuma a yi sauri, domin maganin kariya daga cutar sida cikin awa 72 ake fara shi. Daga asibiti sai a kai maganar ga ƴan sanda ko jandarmomi, ko da dangi sun matsa a rufe ta a cikin gida.