Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Taya Tsofaffin Reza a Gwanjon Intanet

Mafi yawan masu asara a gwanjon tsofaffin kayan aski sun yi asarar ne tun kafin su danna maɓallin tayi, domin sun shiga ba tare da sun yanke iyakar abin da za su biya ba. A eBay, dandalin gwanjo na intanet wanda aka kafa a 1995, mai saye yana rubuta mafi girman kuɗin da ya yarda da shi, sai na'ura ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan har zuwa wannan iyaka. Wanda bai fahimci haka ba sai ya zauna yana ƙara dala ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙari kuma yana ingiza abokin takararsa, har rezar da ba ta kai ta kawo ba ta yi tsadar da ba ta dace da ita ba. Gyaran shi ne mutum ya duba farashin da aka sayar da irinta a baya, wato cinikin da aka kammala, ya cire kuɗin aikowa da na kwastan da bambancin canji, abin da ya rage ya rubuta shi sau ɗaya dab da rufe gwanjon. Idan an fi shi, ya haƙura, domin kamfanin Gillette ya ƙera irin waɗannan tsofaffin rezoji da yawan gaske, wata za ta sake fitowa.

Kuskure na biyu shi ne yarda da sunan da mai sayarwa ya rubuta. Fatboy da Slim samfura biyu ne na rezar Gillette, kuma sau da yawa akan kira reza Fatboy alhali Slim ce, wadda ta biyo bayanta kuma ta fi ta sirantar mariƙi da araha. Fatboy an yi ta ne daga 1958 zuwa 1961, kuma a ƙarƙashin kanta akwai harafi da lamba: D na nufin 1958, E 1959, F 1960, G 1961, lambar kuwa daga 1 zuwa 4 tana nuna rubu'in shekara. Idan babu hoton wannan wuri, a nemi mai kayan ya ɗauka, a kuma tambaye shi ko ƙofofi biyu na sama da ake buɗewa a saka bakin reza suna rufuwa daidai da juna, ko zoben saita askin da ke da lamba 1 zuwa 9 yana juyawa ba tare da cijewa ba.

Aska mai naɗewa, ƙirar birnin Sheffield na Ingila ko Solingen na Jamus, ita ce ta fi buƙatar ido, kuma a nan ne na fi jin takaicin ganin an yi ɓarnar kuɗi. Duk wanda ya taɓa kallon wanzami yana wasa askarsa ya san kowane wasawa yana cin ƙarfe. A hoto, wannan cin yana bayyana a matsayin faffaɗan layi mai sheƙi a gadon bayan askar, kuma idan faɗinsa bai daidaita daga gindi zuwa tsini ba, bakin ya riga ya karkace. Tsatsar da ke nesa da baki takan gogu, amma wadda ta huda ƙarfen a kusa da kaifi, ko ɗan tsagu siriri kamar gashi, ba su da magani. Haka nan tsohon mariƙin seluloyid, wato wani nau'in robar da, yakan ruɓe ya fitar da iska mai cin ƙarfe, alamarsa kuma ita ce tsatsa ta kwanta daidai sashen da ke shigewa cikin mariƙin, sauran jikin yana fes. Irin wannan aska tana iya lalata waɗanda aka ajiye kusa da ita.

Akwai kuma masu mantawa su tabbatar ko mai kayan yana aikawa ƙasarsu, sai bayan sun ci gwanjon su gane ba ya yi, alhali tayi a eBay alkawarin saye ne.