Kurakuran da ke cinye shagon unguwa tun bai shekara ba

Wani yaro a layinmu ya buɗe shagon kayan masarufi bayan sallar layya, fenti sabo, firji sabo, har da allon suna mai fitila. Shekaranjiya na leƙa sayen batir, sai na ga katan ɗin taliya a jere har rufi. Na ɗan taɓa ɗaya da yatsa ya motsa, babu komai a ciki. Ban tambaye shi ba, don ni ma na taɓa jera katan fanko saboda kada a ce na karye. Shi ne na uku a wannan layin da na ga ya bi hanya ɗaya, kuma na gaji da yin shiru.

Shagon unguwa ba Singa ba ne, ba Kwari ba ne, manyan kasuwannin sari na Kano, inda ɗan sari zai taso daga Maraɗi ko Damagaram ya biya, a ɗora masa kaya a mota ya tafi. Kai masu sayenka su ne waɗanda kuke sahu ɗaya a masallaci, su ne za su zo sunan ɗanka. Kowa ya san mutunci da jama'a shi ne rabin jarin irin wannan sana'a. Inda ake yin ɓatan kai shi ne a ɗauka mutunci yana nufin kada bakinka ya taɓa furta a'a, kuma kada hannunka ya taɓa biro.

Bashi nake nufi, bashin da ba a rubuta ba. Shagona na farko shi ya kashe shi. Akwai wani dattijo abokin mahaifina, ɗan fansho, yakan tsaya da yamma ya ce, "Ɗana, auna mini shinkafa tiya biyu, in an biya mu sai mu yi lissafi." In ce, "To Baba." Ina zan iya ɗauko littafi a gaban mutumin da ya goya ni? Kwana biyu sai ga jikarsa, an ce a ba da man gyaɗa kwalba ɗaya. Gobe sukari, jibi omo. Ranar da kuɗi ya zo hannunsa ya ce shi abin da ya sani shinkafa ce, ni kuma na lissafo abubuwa bakwai. Wallahi babu maƙaryaci a cikinmu. Shi bai san da aiken cikin gida ba, ni kuma babu abin da zan nuna sai bakina. Ya biya abin da ya sani, ya daina tsayawa, gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Na rasa kuɗin, na rasa Baban. Irinsa kuwa sun fi gida goma. Ran da na shiga Singa da kuɗin da bai isa rabin sarin da na saba ba, ran nan na gane na yi wata da watanni ina ciyar da unguwa da uwar kuɗina ina kiransa zumunci.

Abin takaicin, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba. Mu muna jin ta a tafsiri kowane azumi, mu dawo shago mu ce kunya. Wace irin kunya ce ta fi ƙarfin aya? Yanzu kowane gida shafinsa daban a littafina. Ina rubutawa a gaban mai karɓa, in karanta masa da ƙarfi, ko da sa'an kakana ne. In yaro aka aiko, sai na buga wa maigidan waya. Kowane gida da iyakar da na yanka masa a raina, in ya kai sai a rage tsohon kafin a ɗora sabo. Wanda kuma na tabbatar ba shi da shi, rashin lafiya ko an sallame shi daga aiki, ina ɗaga masa ƙafa, wani lokaci in ja layi a kan shafin in gaya masa mu biyu. Amma daga riba nake yafewa, ba na taɓa jari. Masu liƙa takardar "ba bashi yau sai gobe" a ƙofa su ma ba su tsira ba, bashi hanji ne, wanda ka hana tiya ɗaya ranar da ba shi da ko sisi, ranar albashi wani shagon zai nufa.

Kuskure na biyun ya fi yi mini ciwo, don a nan ba wauta na yi ba, son zuciya ne. Farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta zama zinare. Mutane na kwana a layin banki, masu POS na yankar abin da suka ga dama. Ni kuwa kullum ɗan abin da na yi ciniki yana taruwa a durowa. Wani mai POS ya ce in riƙa ba shi da daddare, ya tura mini da ɗan ƙari a kai. Na amince. Wata ranar bayan isha'i maƙwabcina ya zo a rikice ya ce, "Malam, don girman Allah in tura maka dubu biyar ka ba ni tsaba, yarinya ce ba lafiya, mai adaidaita ya ce ba ya karɓar tiransifa." Na dubi idonsa na ce yau ko ɗari ban gani ba. Kuɗin na nan a ɗaure da kyauro, gwiwata na taɓa durowar. Unguwa ba ta da rufi, kafin mako ya zagayo kowa ya san wa nake ba kuɗina. A watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, sannu a hankali kuɗi suka dawo hannun mutane, amma yaran gidan nan sun fi shekara suna wuce ƙofata da leda a hannu daga shagon ƙarshen layi. Da ƙafata na je na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, kuma har yau ban ga ya wuce duka ba. Ƙarin da na ci bai kai cinikin gidansa na sati biyu ba, balle a zo ga abin da malamai ke faɗa kan sayar da kuɗi da kuɗi. To kai da kake ɓoye sukari a bayan kanta in ka ji za a yi tsada, ka sani ana kallonka.

Sai masu taimako da kyamara. Azumi ya kama, a ƙulla shinkafa a leda, a tara zawarawa da marayu a ƙofar shago daidai ƙarƙashin allon suna, a ɗauka a zuba a Facebook da TikTok. Haba! Matar da ka nuna wa duniya fuskarta tana miƙa hannu, kana tsammanin za ta sake iya tsayawa a gabanka? Talla ka yi da talaucinta, kuma ta sani. Abin da na ga yana shiga zuciyar mutane ba ya ɗaukuwa a hoto. Ka fito da shebur ranar aikin gayya a yashe kwata kafin ruwan farko, da kanka, ba ka turo yaron shago ba. Ka bar ƙwan ƙofarka a kunne don masu dawowa daga asuba. Ka biya kuɗin 'yan sintiri ba sai mai unguwa ya aiko sau uku ba. In an yi rasuwa ka rufe ka bi gawa, zumunci a ƙafa yake. Zakka kuma ba ta cikin wannan lissafi, in kayanka sun kai nisabi sun shekara, ɗaya bisa arba'in haƙƙin wasu ne, kada ka fitar kana jiran a gode.

Sauran ƙanana ne amma suna ci. Kada ka daka wa yaron aike tsawa ko ka sallami babba ka bar shi a tsaye, a unguwar da mata da yawa ba sa fita saye, shi yake zaɓar shagon da za a je. Kada ka ba da alewa a madadin canji sai an yarda. Abin da gidan wane ke saye, da bashin da ake bin su, ko matarka kada ta ji. Kada ka je ta'aziyya ka ɓige da zancen lissafin mamaci a ranar, ka bari a yi uku ka sami babban ɗansa a keɓe. In farashi ya tashi, kamar yadda ya yi ta tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kada kunya ta sa ka sayar a kuɗin jiya, ba za ka iya mayar da kayan ba, ka faɗi gaskiya nawa ka tarar a kasuwa. Tauye mudu ba sai na yi magana ba, sura guda aka saukar a kansa. In ba ka da abu, ka nuna shagon maƙwabcinka, kada ka ce nasa jabu ne.

Benci kuma, ka lura da inda ka ajiye shi. Na taɓa barin majalisa ta kafu a bakin ƙofata, samari shida suna musun ƙwallo tun la'asar har dare, ina murna wai shago ya yi jama'a, ashe babu macen da ke iya ratsa su ta sayi ko ashana. Na janye shi zuwa gindin dalbejiya, can gefe, inda in sun so shayi sai sun taso.