Kurakuran da ake yawan yi wajen ba da tarihin Jami'ar Ahmadu Bello

Da zarar bikin yaye ɗalibai ya matso, sai ka ga tarihin ABU ya cika Facebook da mujallun ƙungiyoyin ɗalibai. Niyyar mai kyau ce, amma akwai kurakuran da aka maimaita har suka zauna a bakin mutane.

Wanda ya fi yawa shi ne a ce Sardauna ne shugaban jami'ar na farko. Sir Ahmadu Bello uban jami'a ne, wato mai jagorantar taron ba da digiri. Mai tafiyar da aikin yau da gobe shi ne shugaban jami'a, wanda ɗalibai ke ce wa VC. Norman Alexander, wani Bature ɗan ƙasar Niyu Zilan, shi ya fara riƙe wannan kujera. A 1966 Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ya gaje shi, ya zama ɗan Nijeriya na farko a muƙamin, ya kuma riƙe har 1975. In za ka rubuta, ka raba muƙaman nan biyu tun daga layin farko.

Sai masu ba da labari kamar a ranar 4 ga Oktoba 1962, da aka buɗe jami'ar, aka share fili aka fara komai. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin yana binne aikin mutane da yawa. Tashar binciken noma ta Samaru tana nan tun 1922. Makarantar koyon mulki ta unguwar Kongo a Zariya ta riga jami'ar. Haka ma kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, inda su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Kada ka ce ɗaliban ABU ne suka kafa ta, don a lokacin babu ABU. Ka ce jami'ar ta gaji kwalejin, shi ke nan.

Kano ma ana tafka kuskure a kanta. Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin ABU take, sai a 1977 ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero. Dattijon da ya kammala a Kano a farkon shekarun 1970, digirin ABU ne a hannunsa, ko da jikokinsa sun rantse BUK ya yi.

Wajen bincike kuwa, masu rubutu sukan tsaya a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da Gidan Arewa na Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya assasa a 1970, su manta da gona. Irin masara SAMMAZ, da wake SAMPEA, da gyaɗa SAMNUT, duk daga Samaru suka fito. Sunan garin ne a gaban sunayensu. Kazar Shika Brown kuma daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika take. Manomi da yawa ya shuka aikin ABU bai sani ba.

A ƙarƙashin hoto kuma a daina rubuta "ya kammala" don kawai an ga yaro da doguwar riga da hula. Sababbin ɗalibai ma suna sa ta ranar rantsar da su, kuma tsakanin wannan rana da ranar yaye galibi akwai kusan shekara huɗu, in yajin aiki bai ƙara ba.