Yadda ake bin sawun takardun Turawan da suka yaƙi wariyar launin fata a Afirka ta Kudu

Ɗalibai da 'yan ƙwadago da limaman coci a Turai sun shafe kusan shekara 35 suna ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu, kuma takardunsu na nan a adane. Da yawa daga ciki za ka iya karantawa a wayarka.

Fara da zaɓen gwagwarmaya guda ɗaya, don takardun suna da yawan da mutum zai nutse. Ko matsin lambar da ya sa bankin Barclays ya janye daga ƙasar a 1986, ko yajin aikin ma'aikatan kantin Dunnes a Dublin. Wannan na biyun ya faro ne a Yulin 1984, lokacin da wata mai karɓar kuɗi, Mary Manning, ta ƙi sayar da 'ya'yan itacen Afirka ta Kudu. Sai a 1987 ma'aikatan suka janye yajin, bayan gwamnatin Ireland ta hana shigo da irin waɗannan kaya.

Daga nan ka gano inda takardun suke, domin kowace ƙasa da rumbunta. Ƙungiyar Birtaniya ta fara ne a taron 26 ga Yunin 1959 a Landan, inda Julius Nyerere ya yi jawabi. Bayan 'yan sandan Afirka ta Kudu sun kashe masu zanga-zanga 69 a garin Sharpeville a Maris na 1960, ta koma Anti-Apartheid Movement, wato ƙungiyar yaƙi da wariya. Takardunta suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, amma shafin intanet na Forward to Freedom ya ɗora hotuna da fastoci da hirarraki da jaridarsu, Anti-Apartheid News. A ganina nan ya fi dacewa sabon shiga ya fara.

Na Holand suna Cibiyar Tarihin Zamantakewa ta Duniya a Amsterdam. Ka nemi fastar ƙungiyar Boycot Outspan Aktie, wadda ta yi kiran ƙaurace wa Outspan, lemon Afirka ta Kudu: hannun Bature yana matse kan yaro baƙar fata a kan abin matse lemo. Duk wanda ya gan ta zai gane dalilin da ya sa masu sayen lemo suka ja baya. Na Swidin da maƙwabtanta kuwa, Cibiyar Nazarin Afirka da ke Uppsala ta tattara hirarraki da jagorar inda takardu suke.

Wajen bincike, rubuta sunan ƙungiya yadda yake a harshenta, ka haɗa da shekara. Sunan da aka fassara sau da yawa ba ya fito da komai.

Akwai rumbun da ke buƙatar haƙuri, wato na asusun IDAF da limamin coci John Collins ya kafa don biyan lauyoyin fursunoni da ciyar da iyalansu. Gwamnatin wariya ta haramta shi a 1966, sai aka koma tura kuɗi a ɓoye ta hannun 'yan sa kai, cikin wasiƙu kamar na zumunci. Don haka in ka ga wasiƙar gaisuwa kawai, kada ka wuce ta da sauri. Waɗannan takardu an mayar da su Afirka ta Kudu, suna rumbun Mayibuye na Jami'ar Western Cape, kuma can ne ya dace su zauna.

Kada ka saurari ɓangare ɗaya. Gwamnatin Margaret Thatcher ta Birtaniya ta ƙi a ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumin tattalin arziki, kuma fayilolinta suna rumbun ƙasa da ke Kew a Landan. Ka kuma leƙa rumbun intanet na Majalisar Ɗinkin Duniya: 'yan Najeriya sun daɗe suna shugabantar kwamitinta na yaƙi da wariya, ciki har da Yusuf Maitama Sule da Joseph Garba, kuma a Legas aka yi babban taron duniya na Agustan 1977.

Abin da ba a ɗora ba, aika wa ma'aikatan rumbun imel ka faɗi lambar akwati da ta fayil, ka tambayi kuɗin ɗaukar hoto. Duk takardar da ka sauke, rubuta lambarta nan take, tun kafin ta ɓace maka cikin waya.