Shan mai a tsakiyar teku: kurakuran da ke haɗa jirgi da jirgi

Jirgin ruwan yaƙi ba shi da gidan mai a kan hanya. In tankinsa ya yi ƙasa yana tsakiyar teku, ko dai ya bar aikin da aka tura shi ya nufi tasha, ko kuwa man ya zo ya same shi inda yake. Manyan rundunonin ruwa hanya ta biyu suka zaɓa. Jirgin dakon mai zai miƙe da gudun kamar kilomita 24 a awa, jirgin yaƙi ya taso daga baya ya jera da shi, tsakaninsu ƙafa 140 zuwa 180, kusan rabin tsawon filin ƙwallo ke nan. A ɗaura wayar ƙarfe tsakani, a rataya tiyo a kanta, a yi ta ɗura mai ana tafiya. Ba a tsayawa, don jirgin da ya tsaya ba ya jin sitiyari, sai yadda igiyar ruwa ta yi da shi.

Dabarar ta haura shekara ɗari. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jirgin dakon man Amurka mai suna Maumee ya zauna a tsakiyar tekun Atlantika yana shayar da ƙananan jiragen yaƙin da man cikinsu ba zai kai su Ireland ba. Cikin hafsoshin da suka tsara aikin akwai Chester Nimitz, wanda daga baya ya jagoranci rundunar ruwan Amurka a tekun Fasifik. Kayan aiki sun sauya ƙwarai tun daga lokacin, amma kurakuran suna nan kusan yadda suke. Matasanmu da ke shiga sojan ruwa kan gamu da wannan aiki wajen kwas ko atisaye da jiragen wasu ƙasashe, to gara mutum ya san ramukan tun bai taka ba.

Babban kuskure, wanda sauran suke fitowa daga cikinsa, shi ne ɗaukar ruwan da ke tsakanin jiragen biyu a matsayin fili kawai. Ba fili ba ne, hannu gare shi. Jirgi mai tafiya yana tara ruwa a goshinsa, wannan tarin yana ture duk abin da ya matso. A gefen cikinsa kuwa ruwan gudu yake yi, kuma in jirgi biyu suka jera sai ya matse a tsakaninsu ya ƙara gudu, ya riƙa zuƙo su zuwa ga juna. Duk wanda tirela ta taɓa wucewa ta gefensa yana kan babur ya san abin: da farko iska ta ture ka, sannan ta jawo ka. Bambancin kawai, a teku abin da ake ja ɗin tan dubu tara ne ko fiye, kuma ba shi da birki. Ƙarfin jan yana ƙaruwa in an matso kusa, in an ƙara gudu, ko in ruwan ba shi da zurfi. Shi ya sa ake neman ruwa mai zurfi kafin a fara, kuma mai tuƙi yakan riƙe sitiyarin a ɗan karkace har a gama, ba don ya ɓace hanya ba, don yana biyan bashin jan ne.

Inda wannan ya fi cin mutane shi ne wajen shigowa. Sabon hafsa yakan ji tsoro ya rage gudu tun goshinsa bai wuce gindin jirgin man ba, yana ganin sannu ita ce lafiya. To nan ne wurin da bai kamata a daɗe ba, don a nan ruwan ke fizgar goshin jirgi zuwa ciki. Gyaran shi ne a taso da gudun da ya ɗara na jirgin man sosai, a ratsa wannan wuri da ƙarfi, sai an kusa daidaita sannan a sauko. Kuma tun daga nesa ake buɗe tazarar gefe. Wanda ya bi sawun kumfar jirgin man da nufin in ya matso ya kauce, ya riga ya makara. A watan Yulin 2000 jirgin Amurka Denver ya daki jirgin dakon mai Yukon a yammacin Hawaii, goshinsa ya yage. Shekara goma sha biyu bayan haka, a watan Mayun 2012, wannan Yukon ɗin dai ya sake shan karo, wannan karon daga jirgin yaƙin Amurka Essex, a kusa da gaɓar Kalifoniya, bayan sitiyarin Essex ya samu matsala ana cikin matsowa. Ba a rasa rai ba, amma darasin a fili yake: a gwada sitiyari da injuna kafin a taso, a ajiye mutane a ɗakin tuƙin ko-ta-kwana da ke can ƙasa a gindin jirgi, layin waya a buɗe tsakaninsu da ɗakin tuƙi na sama, kuma kowa ya san kalmar da za a faɗa in an ce su karɓa. Ajiye mutum a wurin ba tare da an taɓa gwada miƙa masa tuƙin ba, ado ne kawai.

Bayan an jera, sai kuskuren hannu mai nauyi. Hafsa ya ga tazara ta ragu, gabansa ya faɗi, ya ba da umarnin a juya da yawa. Ga lissafin da ya kamata ya zauna masa a ka: a wannan gudu, karkatar digiri ɗaya tak tana matsar da jirgi gefe da kamar ƙafa 20 a kowane minti. Digiri biyar, ƙafa ɗari ke nan a minti guda, alhali duka tazarar ba ta kai ƙafa 200 ba. Saboda haka da rabin digiri ko digiri ɗaya ake gyara hanya, gudu kuma da juyin farfela biyu ko uku a minti, sannan a dakata a ga abin da gyaran ya haifar kafin a ƙara wani. Jirgi ba ya amsawa nan take. Mai gaggawa yakan jera umarni uku kafin na farko ya nuna kansa, sai jirgin ya shiga lilo, ya matso ya buɗe, ya matso ya buɗe, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. In ka ga jirgi yana wannan rawa, kada ka zargi teku, ka dubi bakin mai ba da umarni.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam bai sani ba. Ruwa yana gudu a ƙasa, jirgin man ya cika maka fuska, ƙafa 120 da ƙafa 160 duk ɗaya suke a ido. Don haka ake miƙa wata igiya ta musamman daga jirgi zuwa jirgi, ɗauke da wayar magana tsakanin kyaftin da kyaftin, an rataya mata ƙyallaye a kowace ƙafa 20: kore, ja, rawaya, shuɗi, fari, sannan a sake daga kore. Da dare ana ɗaura musu ƴan fitilu. Kuskuren da ake yi da ita na masu riƙo ne. In suka bar ta ta yi ciki, ƙyallen da ke kan bakin jirgi zai nuna tazarar da ta fi ta gaskiya, hafsa ya ɗauka yana da sarari ya ƙara matsawa. Dole ta zauna a miƙe koyaushe, ana ja ana saki da hannu, ba a ɗaure ta a ƙarfe a tafi hira ba. Kuma abin kallo ba lambar da take nunawa yanzu ba ce kaɗai, ina ta dosa ne: 160 da ke raguwa ta fi 140 da ke tsaye haɗari.

A kan doron jirgi kuma, inda matasa suka fi yawa, raunin da ake ji kusan duk na igiya ne. Igiyar farko da bindiga ake harba ta zuwa ɗaya jirgin. Ana busa usur sau ɗaya kafin harbi, ɗaya ɓangaren ya amsa da biyu, ma'ana kowa ya fake. Kullum sai an sami mai leƙe, wanda ke son ya ga tahowarta. Da wannan siririyar ake jawo mai kauri, da mai kaurin ake jawo wayar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi ya san ba a naɗe igiya a hannu, don ran da gugar ta suɓuce da kai za ta tafi. To haka nan, sai dai abin da ke ɗaya bakin jirgi ne sukutum. Hannu bayan hannu ake ja. Ba a tsayawa cikin lanƙwasar igiya, ba a taka ta, ba a shiga tsakanin kaya da bakin jirgi, ba a juya wa wayar baya. Zobe da agogo a bar su a ɗaki, ƙafar wando a cusa cikin safa, rigar ceto a ɗaure ta har wuya. Hulunan kwanon ma ba kwalliya ba ce. A tsarin Amurka mai rawaya shi ne shugaban wurin, mai fara da koren kuros jami'in kiyaye haɗari ne, masu shuɗi su ne majaya igiya, mai ja shi ne maharbi, masu kore ke riƙe da sigina da waya. Kuskuren da na fi jin haushi shi ne jami'in kiyaye haɗari ya ga an gaza, tausayi ya kama shi, ya sa hannu a igiya. Da ya kama ta ya daina gani, kuma ganin nan shi ne kaɗai aikin da aka ba shi.

Shi kansa man yana da nasa tarkon. Tiyon inci bakwai ne, yana zuba da ƙarfin da in an yi sakaci na minti kaɗan tanki zai cika ya yi ambaliya ta bututun shan iska, ya malale doro ya gangara teku. Maganin ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne: a san yawan abin da kowane tanki zai ɗauka tun kafin a haɗa, masu awo su riƙa faɗa a kai a kai, a nemi jirgin man ya rage famfo tun da sauran wuri, kada a rufe bawul a fuskar mai yana tsakar gudu. A ɗebi samfur a kwalba a farko da tsakiya da ƙarshe, a ɗaga shi a haske. In ya yi gajimare ko ruwa ya kwanta a ƙasansa, a tsayar. Wannan ya fi tsanani ga JP-5, man jiragen sama, wanda ko jirgin dakon jiragen sama mai aiki da nukiliya sai ya sha shi a kai a kai, don injinsa ne ba ya son mai, jiragen da ke bayansa suna so. Haɗa layinsa da na F-76, man injin jirgi, ɓarna ce da sai an kwashe tanki. In an gama kuma a bari a busa tiyon ko a zuƙe abin da ya rage a ciki kafin a cire. Masu saurin cirewa wanka suke yi da gas.

Kayan abinci da harsasai a kan irin wannan waya suke tsallakawa, ko kuma helikwafta ta ɗauko su a raga ta dire. Nan kuskuren bai wuce biyu ba: barin kaya su taru a wurin saukewa, da barin tarkace a doro wanda iskar farfela za ta mayar da shi harsashi.

Saura maganar da ba a son yi, wato rabuwar gaggawa. In injin ya mutu, ko sitiyari ya ƙi, ko mutum ya faɗa ruwa a tsakani, ana busa ƙahon jirgi gajeru sau biyar a rabu. Kuskure iri biyu ne a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko jinkiri: kowa ya ga abin ya lalace amma ana jiran babba ya furta, don kada a ce wane ya tsorata. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma a ƙa'ida duk wanda ya ga haɗarin yana da bakin kira, komai ƙanƙantar muƙaminsa. Na biyu firgici: a ɗauka gaggawa na nufin a sare komai. Wayar nan a ɗaure take da injin da ke riƙe ta a miƙe da ƙarfin tan da yawa, in aka sake ta ba a sassauta ba, bulala za ta zama, ta share duk wanda ke tsaye. Rabuwar gaggawa ita ce rabuwar kullum, mataki bayan mataki, da sauri kawai: a tsayar da famfo, a cire tiyo, a sassauta waya, sannan a kwance. Abin da ya sa ake maimaita ta a atisaye har ta gundure mutane ke nan.

Ko da komai ya tafi daidai, akwai rami na ƙarshe. An kwance igiyoyi, an sauke tuta, a jiragen Amurka har waƙa ake sakawa a lasifika, hankalin kowa ya kwanta, sai hafsa ya juya sitiyari da ƙarfi don ya fice. Ya manta jirgi ba kamar mota yake juyawa ba. Daga baya ake tura shi, saboda haka in goshi ya yi dama, gindi hagu yake sharewa, wato kai tsaye cikin jirgin da ake gudu. Sai a ƙara wuta tukuna, a buɗe da digiri biyu ko uku, a sa mutum a baya yana faɗin tazara, har gindin ya wuce goshin jirgin man sarai. Kuma ba a gitta gabansa, don a ɗaya gefen nasa wataƙila akwai wani jirgin da har yanzu tiyo ke bakinsa.